Buhun PICS na ajiyar wake: yana aiki, amma sai kin san abinda ke kashe ƙwarin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda kaka ta fara kawo jiki mutane keta tambayata wai buhun nan na PICS da nake zuba wake a ciki da gaske yana aiki ko dai zuzutawa ce irin ta 'yan talla. To amsar dai yana aiki, yana yi sosai ma, amma da sharaɗi, kuma wannan sharaɗin ne mutane da yawa ke tsallakewa daga baya su dawo suna cewa an cuce su. Ni sana'ata ƙosai da alale, wake shine jarina, duk shekara in yayi araha lokacin girbi nake saye in ajiye saboda kowa ya san yadda kuɗinsa ke tashi in an shiga bazara zuwa damina. Kafin aure kuma NCE nayi a ɓangaren bayoloji, shiyasa in ana maganar buhun nan bana iya tsayawa a kan "yana da kyau" kawai, sai na faɗi dalili, don wallahi wanda ya gane dalilin ba zai taɓa ɓata wakensa a cikinsa ba.

Ga wadda bata taɓa gani ba, buhu uku ne a haɗe. Na waje irin buhun saƙa ne da muka sani na hatsi, sai leda biyu masu kauri a ciki, ɗaya cikin ɗaya, kowacce kaurinta maikiron 80 (ma'aunin kaurin abu siriri ne irin leda), in kika taɓa zaki ji ba irin ledar da ake ƙulla kaya a kasuwa bace, tana da tauri da santsi kuma bata miƙewa da sauƙi. Akwai mai cin kilo 50 akwai mai kilo 100. Babu magani a jikinsa ko kaɗan, wannan sai na maimaita don akwai wata maƙwabciyata da ta rantse min wai an shafa wa ledar guba ne daga kamfani shiyasa ƙwaro ke mutuwa. Ba a shafa komai ba, leda ce zalla.

Asalinsa daga jami'ar Purdue ne da ke jihar Indiyana a Amurka, wani masanin ƙwari Larry Murdock da abokan aikinsa suka fara gwajin zuba wake a leda rufi uku tun ƙarshen shekarun 1980 a arewacin Kamaru, sai a 2007 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta sa kuɗi aka yaɗa shi a ƙasashen yammaci da tsakiyar Afirka, har da Najeriya da Nijar. Kuma ba mamaki su fara da mu, Najeriya ce kan gaba a noman wake a duniya Nijar na biye mata, kenan asarar ma mu muka fi kowa yinta. Da farko wake kaɗai aka yi shi dominsa, yanzu masara da dawa da gero da sauransu duk ana zubawa.

To me ke kashe ƙwaron in babu magani? Bari in faro daga gona don a nan zancen ya faro.

Kwayar waken nan da kike gani, abinci ne da ganye ya dafa ya tara. Ganyen wake yana da koren sinadari da ake kira kulorofil, shi ke kama hasken rana, sai tsiron ya jawo ruwa ta saiwa, ya shaƙi iskar kabon dayoksaid ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi da ke jikin ganyen, ya haɗa su da ƙarfin hasken nan ya ƙera sukari, ya saki oksijin waje. Wannan shine fotosintesis da ake ta wahalar da yara da haddarsa a makaranta. Sukarin baya zama a ganye, tsiron yana tura shi zuwa kwanso ya mayar dashi sitaci ya cusa a cikin ƙwaya, ya haɗa da furotin wanda shi kuma wake yana da wata baiwa ta daban wajen samunsa, in kika tuge shi zaki ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwar, wasu bakteriya ne a ciki da ke kamo masa naitirojin daga iska, shiyasa manoma ke cewa wake na gyara gona. Kenan buhun wake ɗaya ranar damina guda ce aka ɗure a ciki, Allah mai iko. Tsiron ya tara ne don 'ya'yansa su samu abin ci in sun tashi tsira, mu muka zo muka ɗauka, ƙwaro ma yana so.

Shi ƙwaron wake tun a gona yake fara bin kwanson, ki sani ko wane irin tsabtar ɗaki gareki da abinsa kika sayo. Macen tana manna ƙwai a jikin ƙwayar, waɗannan fararen ɗigo-ɗigon da kike gani in kin duba da kyau, tana iya zuba gommai. Ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsar ta huda ta shige ciki kai tsaye, a ciki take ci take girma, bakya ganinta, waken daga waje lafiya lau, sai bayan sati uku zuwa huɗu in ana zafi ta zama ƙwaro ya fasa ya fito ya bar wannan zagayayyen ramin, ya sake barbara ya sake ƙwai. Ki lissafa da kanki wata biyar ko shida zagaye nawa kenan. Shiyasa buhun da kika ajiye garau a watan Nuwamba zaki buɗe a Afrilu ki tarar da gari da wari, ki wanke ki ga rabi na yawo a saman ruwa, ƙosan ma baya tashi yadda ya kamata sai shan mai.

Yanzu ga inda buhun ke shigowa. Cin abinci kaɗai baya ba mai rai ƙarfi, sai ya ƙona abincin a cikin ƙwayoyin halittar jikinsa, kuma ƙonawar sai da oksijin. A cikin ƙwayar halitta akwai wasu 'yan mitsi-mitsin sassa da ake kira mitokondiriya, nan ake farfasa sukarin a hankali a fitar da ƙarfin da jiki ke amfani dashi, abinda ya rage shine kabon dayoksaid da ruwa. Wato dai aikin ganye ne ake warwarewa, ganye ya ɗauki kabon dayoksaid da ruwa ya yi sukari da oksijin, mai ci kuma ya ɗauki sukari da oksijin ya mayar dasu kabon dayoksaid da ruwa. Ni da ke haka muke yi, akuya haka, tsutsar cikin wake haka, kai shi kansa tsiron haka yake yi dare da rana, ba wai shi oksijin kawai yake fitarwa ba kamar yadda ɗalibai da yawa ke ɗauka. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 21 cikin 100 oksijin ce. In kika zuba wake a ledar nan kika ɗaure ƙam, 'yar iskar da ta maƙale a tsakanin ƙwayoyin ita kenan rabonsu, ƙwarin da tsutsotsin su da kansu zasu zuƙe ta, oksijin yayi ta sauka kabon dayoksaid yayi ta hawa, sabuwa kuma bata shigowa sai ɗan abinda bai taka kara ya karya ba. Kamar ki kife kwano a kan garwashi ne, ba ruwa kika zuba ba amma wutar zata mutu da kanta. In oksijin ya sauka ƙasa da wajen kashi 5 cikin 100 sai su daina ci, su daina girma, su daina ƙwai.

Abinda ya fi burge ni ma, wanda su masu binciken Purdue ɗin suka gano daga baya, shine ba shaƙewa kaɗai ke kashe su ba, ƙishirwa ce ke ƙarasa su. Ki tuna busasshen wake tsutsar ke zaune a ciki, babu inda zata sha ruwa, yawancin ruwan jikinta shine wannan da ke fitowa in ta ƙona sukari da oksijin. An yanke oksijin an yanke mata ruwa, sai ta bushe a inda take. Subhanallah, ranar da na fahimci wannan na daɗe ina jinjina abin.

Kuma na gani da idona. Buhun Kanannado da na ɗaure bayan girbi, da na tashi buɗewa dab da damina, ledar ciki ta ɗan lafe a jikin waken, na kwance na tura hannu har gwiwar hannu na ɗebo daga tsakiya, fari tas, yana ƙara a tafin hannu irin ta busasshen wake, babu garin nan da ke manne wa yatsu. A wuyan ledar ta sama na ga 'yan ƙwari ƙalilan a mace sun bushe ƙayau, da alama sun hauro neman iska ne. Na fasa wasu ƙwayoyi masu ɗigon ƙwai a jiki, wasu ba komai a ciki, wasu da 'yar tsutsa ƙanƙanuwa ta ƙandare tun bata yi nisa da ci ba. Na jiƙa na surfa na kai markaɗe a ranar ba tare da na jira komai ya "fita" ba, kuma wannan shine babban abinda nake biyan kuɗin buhun dominsa.

Don gaskiya tsoron maganin wake ya ishe ni. Kowa ya san abinda ake yi, a zuba fiya-fiya ko irin maganin ƙwarin nan na kwalba a kan wake a juya, ko a jefa ƙwayar da ake turara hatsi da ita a cikin buhu a ajiye a ɗakin da yara ke kwana. Ita ƙwayar nan in ta sha danshin iska gas take fitarwa mai suna fosfin, kuma aikinsa shine ya lalata wannan numfashin na cikin ƙwayoyin halitta da na gama bayani, to ai mu ma irinsa garemu, bai san ƙwaro ba bai san mutum ba, shiyasa ake jin labarin gida guda sun kwanta basu tashi ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari mai suna dikulobos da aka samu a ciki, su sun ƙi ci mu kuma muna ci muna ba 'ya'yanmu. Ni ina sayar wa yara 'yan makaranta ƙosai da safe, ba zan iya ɗaukar wannan alhakin ba, ko da buhun ya fi haka tsada.

To sai sharuɗɗan, a nan nake so a nutsu.

Na farko wake ya bushe, ya bushe sosai. Ƙwayar wake ba matacciya bace, tana da rai, barci kawai take, in ta bushe numfashinta kaɗan ne ƙwarai shiyasa take shekara bata cinye abincinta ba. Amma in da danshi sai ta farka ta fara numfashi da ƙarfi, tana fitar da ruwa da zafi, ledar kuma bata barin komai ya fita, sai gumi ya taru a ciki. Oksijin in ya ƙare ba shikenan ba, akwai ƙananan halittu irin su yis da wasu bakteriya da ke iya rayuwa ba oksijin, su ta hanyar ruɓar da sukari suke samun ƙarfi, sune zasu karɓi aikin, ki buɗe buhu ki ji tsami ya buge ki waken ya canza kala ya dunƙule. Wata da muke sana'a tare haka ya faru da ita, ta sayi sabon wake a kasuwar ƙauye mai sayarwar yace mata ya bushe, daga mota sai cikin leda, da ta buɗe kuka ne kawai bata yi ba, kuma har yau buhun take zagi. Ni ko waye ya sayar min sai na sake shanya shi a kan tabarma ko tamfol, in ciza in ji ya fashe ƙas ba ya lotse ba. Akwai kuma gwajin gishiri, ki samu busasshiyar kwalba ki zuba wake da busasshen gishiri ki rufe ki girgiza ki bari ya ɗan jima, in gishirin ya manne a jikin kwalbar to da sauran ruwa. Masana suna cewa danshin kada ya wuce wajen kashi 13 cikin 100. Kuma in kin kwaso daga rana ki bari ya huce tukuna, kar ki ɗure shi da zafinsa.

Na biyu ki sheƙe ki tsince. Karan wake, tsinke, tsakuwa mai kaifi, guntun kwanso, duk suna huda leda in nauyi ya danne su, kuma huda ɗaya ko ta kai bakin allura ta isa ta riƙa shigo musu da abin numfashi.

Na uku ɗauri. Kafin ki zuba komai ki buɗe kowace leda ta cika da iska ki murɗe bakin ki danna, in kin ji tana sacewa akwai huda, ki nemo ki liƙe da salatif mai kyau ko ki mayar ta waje. Ki sa ta farko cikin ta biyu, su biyun cikin buhun saƙa, ki zuba kaɗan kaɗan kina jijjigawa don ya zauna ba rami, kar ki cika har baki ki bar wuyan da zaki kama. Sai ki matse iskar sama, ki murɗe wuyan ledar ciki ki lanƙwasa ki ɗaure da igiya ko robar tayar mashin, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan na waje shi kaɗai. Kowanne ɗaurinsa daban. Masu haɗa ukun su ɗaure lokaci guda don sauri, su ne rabin masu cewa baya aiki.

Sai kuma a bar shi ya yi aikinsa. Wannan shine inda buhun bai dace da kowa ba kuma gara in faɗa. In kina buɗewa duk bayan kwana biyu ki ɗebi mudu ɗaya na girki, duk buɗewa sabuwar iska kika basu, waɗanda suka fara galabaita su farfaɗo. Ƙwai da tsutsar cikin ƙwaya basa mutuwa rana ɗaya, sai an ɗau makonni, ni bana taɓa buhu sai ya haura wata biyu a ɗaure. Don haka na cin gida daban nake warewa, in zuba a jarkoki masu murfi mai kyau in cika su har wuya, hikimar ɗaya ce, in na buɗe ɗaya in cinye ta kafin in taɓa wata. Da za'a riƙa samun ƙananan buhunan a ko'ina da matan gida sun fi morewa, don mai kilo 100 in ya cika ko Baban yara shi kaɗai baya ɗaga shi, kuma ja a ƙasa na kashe ledar.

Ɓera fa? Ana cewa baya damun buhun sosai tunda ƙanshin hatsin baya fita, kuma na lura da hakan, amma kar ki dogara, ɓera in ya ga dama zai gwada haƙorinsa a kan komai, in ya huda kuwa aiki ya ɓaci ko baki sani ba. A kan katako nake ɗora nawa, nesa da bango, ba a rana ba, kuma ina zagayawa ina dubawa. A masara ma akwai wani ƙwaro mai ƙarfin baki da kan iya huda leda, shi ma waken wani lokaci zaki ga 'yan huda a ledar ciki in ƙwarin sun yi yawa tun farko, amfanin ta biyun kenan.

Abinda ya fi ɓata min rai a harkar nan jabu ne. Akwai shekarar da na aika aka sayo min a wani shago, da aka kawo na ga ledar ciki sirirya ce, ina ja tana miƙewa, ɗinkin ƙasan ma bai liƙu da kyau ba, an dai samu buhu an cusa leda biyu an ce shine. Na mayar mai shagon yace ai duk ɗaya ne Hajiya, leda leda ce. Ba ɗaya bane, leda sirirya iska na ratsa ta a hankali ko ba huda, kaurin nan da irin robar sune duk aikin. Ki saya wajen dillalan kayan noma da aka sani, ki buɗe a gabansu ki taɓa, ki duba tambarin a jiki. A manyan kasuwanni irin Dawanau ba wuyar samu, amma a ƙauyuka inda aka fi buƙatarsa sai kaka tayi a neme shi a rasa, ko a samu an ninka kuɗin, shiyasa nake sayen nawa tun kafin girbi.

Maganar tsada, eh ya fi buhun banza kuɗi nesa ba kusa ba, kuma ba zan faɗi farashi ba don na yau daban na gobe daban. Amma ki auna da mudu nawa ne kuɗinsa, sannan ki auna mudu nawa ƙwaro ke ci a buhu ɗaya, da yadda ake karya farashin wake mai huda a kasuwa. Kuma ba na shekara ɗaya bane, in kin kula dashi zai yi miki kaka uku, in ledar ta gaji kuma ta koma shimfiɗar shanya kuɓewa. Sai dai kar a yi zaton yana gyara abinda ya riga ya lalace, waken da ya huje ya huje, buhun tsayar da ɓarna yake yi daga ranar da kika ɗaure, don haka da wuri ake zubawa ba sai an fara ganin ƙwari na yawo a bango ba.

Masu tambayar iri, wai in an hana shi iska ba zai mutu ba? Busasshen iri numfashinsa kaɗan ne, baya buƙatar iska mai yawa, yayana da ke noma a ƙauye daga irin wannan buhun yake ɗibar na shuka kuma yana tsira lafiya, har ya fi wanda ƙwaro ya cinye wa ido. In kina shakka ki ɗebi ƙwaya ashirin ki sa a jiƙaƙƙen tsumma ki ga nawa zasu tsira kafin ranar shuka.

Ni dai a wajena in maki goma ne zan bashi tara, ɗayan na riƙe saboda wahalar samu a ƙauye da rashin ƙananan da matan gida zasu riƙa buɗewa. Mai ajiyar wake na wata uku zuwa sama, ko ɗan kasuwa ko manomi ko mai sana'a irina, ya saya kawai. Mai sayen mudu biyar na wata ɗaya kuma ba sai ta wahalar da kanta ba, jarka ko firiza ta ishe ta. Wadda zata gwada bana don Allah ta fara da buhu ɗaya, ta rubuta ranar ɗauri a jiki da maka, ta ajiye ɗan kwano guda na waken a buhun banza a gefe, in wata uku yayi ta buɗe duka biyun ta gwada.